GYARAN GIDA: LISSAFI, SHAWARA DA DOKA

Jawabin wayar da kan jama'a da aka gabatar a garin Kontagora, Jihar Neja



Abin da ya tara mu a yau shi ne maganar gyaran gida. Mutane da yawa sun ɗauka gyara ƙaramin aiki ne, ba ya bukatar lissafi, ba ya bukatar shawara, kuma ba ruwan hukuma da shi. Wannan zato ya cinye dukiyar magidanta masu yawa, ya raba 'yan'uwa, ya haɗa maƙwabta shari'a, wani lokaci ma har ya jawo asarar rayuka. Sabili da haka Gwamnatin Tarayya ta ga ya dace a yi wa jama'a bayani dalla-dalla, cikin harshen da kowa ke ji.

Kontagora tsohon gari ne. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa shi a 1864, kuma tun daga wancan zamani ake gina gidaje da tubali da azara. Daga baya bulo da siminti da kwano suka shigo, musamman bayan kuɗin Udoji na 1975. To, gidajen da aka gina da kuɗin Udoji yau sun kai shekara 50. Kwano ya yi tsatsa, gara ta ci katako, wayar lantarki ta tsufa, iyali kuwa sun ninka. Ke nan gyara ya zama tilas. Abin tambaya shi ne, yaya za a yi shi ba tare da an yi da-na-sani ba?

GYARA IRI UKU NE

Kafin komai, lalle ne maigida ya san irin gyaran da zai yi, domin ba duka ne hukuncinsu ɗaya ba.

Na farko shi ne kwaskwarima: yaɓe, filasta, fenti, sauya kwanon da ya huje, gyaran ƙofa ko taga a inda suke. Wannan mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya kira magini ko kafinta su yi aikinsu.

Na biyu shi ne gyaran da ya taɓa ƙashin gini: rushe bango don a haɗa ɗaki biyu, faɗaɗa ƙofa, cire ginshiƙi, sauya rufin kwano da na kankare, ko ɗora bene a kan tsohon gini.

Na uku shi ne gyaran da ya sauya fasalin gida ko amfaninsa: fasa zaure a mai da shi shago, mai da gidan zama makaranta ko masaukin baƙi, ko ƙara ɗaki ta wajen hanya.

Iri na biyu da na uku su ne ke bukatar ƙwararre da izinin hukuma, kuma a kansu mafi yawan jawabin nan zai tsaya.

TAMBAYA TA FARKO: GIDAN NA WANE NE?

Kada kowa ya yi mamakin wannan tambaya. Gidaje da yawa a cikin gari na gado ne, ba a kuwa raba ba. Sai ɗaya daga cikin magada ya sami buɗi, ya rushe ɗakunan tsakar gida, ya zuba dukiyarsa ya tayar da na zamani. Ranar da aka zo rabo, shi yana cewa a fitar masa da abin da ya kashe, sauran suna cewa ba su sa shi ba. Marayu da mata su ne suka fi cutuwa a irin wannan rikici. Hanyar lafiya ita ce a raba gado tukuna a gaban alƙali ko malaman da aka yarda da su. In kuwa rabon bai yiwu ba, to, a sami yardar dukan magada a rubuce, da shaidu, a bayyana ko gyaran kyauta ne ko bashi ne a kan gidan.

Haka kuma ɗan haya ba shi da ikon fasa bango ko ƙara ɗaki sai da izinin mai gida a rubuce, tare da bayanin ko za a cire kuɗin daga haya. Shi ma mai gida ba shi da ikon yaye rufi a kan ɗan haya wai don ya tilasta masa tashi. Doka ta tanadi wa'adi, kuma kotu ce kaɗai ke fitar da mutum daga gida.

Sai maganar ƙasa. Tun ranar 29 ga Maris, 1978, Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa dukan filayen kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe su amana a madadin jama'a. A cikin birane Gwamna ke ba da izinin zama a fili, a karkara kuwa ƙaramar hukuma. Takardar shaidar mallaka da ake bayarwa yawanci ta shekara 99 ce, kuma a cikinta akan rubuta abin da aka yarda a yi da filin, ko zama, ko kasuwanci. Wanda ya sauya amfani ba da izini ba ya saɓa sharaɗin takardarsa. Har ila yau, sashe na 22 na dokar ya hana mai irin wannan takarda sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar Gwamna. Wanda gidansa ba shi da takarda, ko takardar tana ɗauke da sunan mamaci, ya kamata ya nemi gyara wannan a ofishin filaye na jiha, wanda hukumar NIGIS ke riƙe da bayanansa, kafin ya zuba kuɗi masu yawa a kan bango.

IZININ HUKUMA

A 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Tsara Birane da Yankuna. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara gari da ba da izinin gini aikin jihohi ne. A 2006 kuma aka fito da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa domin a sami ma'auni ɗaya. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, ƙofar da mutumin Kontagora zai ƙwanƙwasa ita ce ta Hukumar Raya Birane ta Jihar Neja.

Abin da akan nema ba shi da wuyar fahimta: shaidar mallakar fili, taswirar awon filin, zanen ginin da ake nufi, da lissafin injiniya in aikin ya shafi bene ko kankare. A biya kuɗin da aka ƙayyade ta hanyar da hukuma ta tsara, a karɓi rasit. Kada a ba kowa kuɗi a hannu wai don ya kau da kai. Wanda ya karɓa gobe za a yi masa canjin wurin aiki, ginin kuwa yana nan ba takarda. Hukuma na da ikon tsai da aiki, ta shafa jan fenti, ta kuma rushe abin da aka gina ba bisa ƙa'ida ba, kuma ba a saba biyan diyya a kan irin wannan ba.

Akwai wurare uku da ba a shiga. Na ɗaya, gefen hanya. Babbar hanyar tarayya da ta taso daga Ikko ta bi ta Jebba da Mokwa, ta ratsa Kontagora zuwa Yawuri da Sakkwato, tana da hurumi na mita 45.72, watau ƙafa 150, daga tsakiyarta zuwa kowane gefe. Titunan cikin gari ma suna da nasu hurumi. Na biyu, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Ƙa'ida ita ce a bar mita 5.5 kowane gefe ga layin kilobol 11 da na 33, mita 15 ga na 132, mita 25 ga na 330. Na uku, hanyar ruwa. Ambaliyar da ta afka wa Mokwa a ƙarshen watan Mayu na 2025, wadda ta hallaka fiye da mutum 150, ta isa ta zama wa'azi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wanda ya toshe magudana da katanga, ko ya tura gini cikin bakin rafi, ya sani ruwa ba ya manta hanyarsa.

SU WA ZA A TUNTUƁA?

A gargajiyarmu ba a raina gwani. Kowane babban gari yana da Sarkin Magina, kuma ba a ɗaura baka ko a jera azara sai da wanda ya gaji sana'ar. Zamani bai kashe wannan ƙa'ida ba, ƙara mata reshe ya yi.

Mai zanen gini shi ke tsara ɗakuna, iska, haske da mafita. Hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita ke yi masa rajista.

Injiniyan gini shi ke lissafin nauyi: harsashi, ginshiƙi, rodi da kankare. Hukumar COREN ta 1970 ke yi masa rajista.

Mai ƙiyasin kayan gini shi ke ƙirga bulo nawa, siminti nawa, rodi nawa, ya fitar da jimlar kuɗi. Hukumar QSRBN ta 1986 ke kula da shi.

Ƙwararren magini mai rajista shi ke tafiyar da aiki a wurin gini. Hukumar CORBON ta 1989 ke kula da shi.

Safiyo, mai awon ƙasa, shi ke tabbatar da iyaka. Hukumar SURCON ta 1989 ke yi masa rajista.

Aikin jan wayar lantarki kuwa a ba wanda ke da shaidar hukumar NEMSA.

Ba a ce kowane gyara sai an tara waɗannan duka ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Amma duk wanda ya ce shi injiniya ne, a nemi lambar rajistarsa, a ga hatiminsa a kan zane. Wanda ke da ita ba zai ji haushin tambaya ba.

Ga dalilin da ya sa muke matsawa a kan bene. Harsashin da aka haƙa don ɗaukar bango da kwano ba a yi shi don ɗaukar rufin kankare da wani gida a bisa ba. Ido ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Sai injiniya ya sa an tona gefen harsashi, ya duba zurfinsa da faɗinsa da irin ƙasar wurin. A ranar 12 ga Satumba, 2014, wani masaukin baƙi ya rufta a Ikotun da ke Ikko, a daidai lokacin da ake ƙara masa hawa, mutum 116 suka mutu, kuma binciken da aka yi ya nuna ba a sami izinin ginin ba. A watan Yuli na 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos yara suna cikin aji, aka rasa rayuka 22.

Tsohon gini ma yakan yi gargaɗi kafin ya faɗi. Babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya tsaya kusan shekara 190. A ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashensa ya rufta wa masallata, aƙalla mutum 7 suka riga mu gidan gaskiya, bayan an lura da tsaga a bango kwana ɗaya kafin nan. Darasi a nan shi ne, tsagar da ke faɗaɗa, ko rufin da ya lotsa, ko ƙofar da ta daina rufuwa haka kawai, ba abin jira ba ne. A kwashe iyali daga ɗakin tukuna, sa'an nan a kira masani. Toshe tsaga da siminti a shafa fenti ɓoye ciwo ne, ba magani ba.

Wata shawara ga masu gidan ƙasa. Filastar siminti ba ta kama bangon ƙasa sosai. Ruwa kan shiga bayanta ya maƙale, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, alhali waje yana sheƙi. Magabata sun san amfanin makuba da yaɓen shekara-shekara, da dogon indararo mai jefa ruwa nesa da gindin bango. Wanda zai haɗa tsohon gini da sabon kaya, ya haɗa tsohon magini da injiniya su yi shawara tare.

LISSAFIN KUƊI

Mafi yawan gyaran da ya tsaya a hanya, rashin lissafi ne ya tsai da shi, ba rashin kuɗi kaɗai ba. Ga matakai shida.

Na ɗaya, a rubuta aikin duka kafin a taɓa bango, a jera shi bisa muhimmanci. Rufi da harsashi da magudanar ruwa su ne gaba, sai bayan gida da lantarki, sa'an nan tayil da silin da fenti. Wanda ya fara da ado ya ƙare kuɗinsa rufi na yoyo, damina ɗaya za ta ɓata masa adon.

Na biyu, a ƙirga kaya. Alal misali, bulo 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, bangonsa mita 3, in an cire ƙofa da taga, zai ci bulo wajen 400. Maigidan da ya san wannan ba za a ce masa a kawo 700 ya yi shiru ba.

Na uku, a nemi farashi daga mutum uku, kowa ya rubuta kaya dabam, ladan aiki dabam. Kada a ruga wa mafi sauƙi ido rufe. Araha ba ta ado. Wanda ya rage kuɗi fiye da kima, a jikin siminti da rodi zai fanshe.

Na huɗu, a ware kuɗin ko-ta-kwana, kashi 10 zuwa 15 cikin 100. In an ƙiyasta aiki a kan Naira 3,000,000, a tanadi ƙarin Naira 300,000 zuwa 450,000. Tsohon gida ba ya nuna cutarsa sai an buɗe shi: a yaye kwano a tarar gara ta gama da katako, a fasa daɓe a tarar bututu ya ruɓe.

Na biyar, a lura da tashin farashi. Bayan janye tallafin man fetur da sakin darajar Naira a 2023, kayan gini sun yi tashin gwauron zabo. A watan Fabrairu na 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, har Gwamnatin Tarayya ta zauna da manyan kamfanoni aka amince da Naira 7,000 zuwa 8,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Watau abin da aka saya Naira 100,000, bayan shekara ɗaya ya doshi 135,000. Saboda haka ƙiyasin bara ba ya aiki bana. Wanda ke tara kuɗi sannu a hankali, gara ya riƙa sayen abin da ba ya lalacewa, kamar kwano da bulo da tayil. Siminti kuwa ba a ajiye shi fiye da wata 3, kuma a kan katako ake jera shi, nesa da danshi.

Na shida, a zaɓi lokaci. A ƙasar Kontagora ruwa kan sauka daga wajen Afrilu ko Mayu har zuwa Oktoba. Aikin rufi na rani ne. Kada a yaye ɗaki sai sabon kwano da katako da ƙusa suna ajiye a tsakar gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Game da rance, ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana da damar neman rancen gyaran gida a Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Ya tambayi sharuɗɗa a rubuce kafin ya sa hannu. Wanda ke gudun kuɗin ruwa, tun 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, ga kuma adashi da ƙungiyoyin gama kai. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne miƙa takardar gida ga mai ba da bashi na bayan fage. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fita ba.

YARJEJENIYA A RUBUCE

Jinga da baki ita ce uwar rigima. Addini ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, malaman fiƙihu kuma sun shar'anta a san aiki, a san lada, kafin a ɗauki ma'aikaci. Dokar ƙasa ma hujja take nema. Takarda ɗaya ta isa, ko da boko ko da ajami, muddin ta ƙunshi waɗannan: sunayen masu yarjejeniya, bayanin aikin filla-filla, wanda zai sayo kaya da irin kayan, jimlar kuɗi, ranar farawa da ranar gamawa, yadda za a biya, da wanda za a kai wa ƙara in an sami saɓani. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi. In aikin babba ne, a kai wa lauya ya duba.

Kada a biya kuɗi duka a farko. A ba da kafin alƙalami gwargwado, sauran a biya mataki-mataki, bayan an ga aiki da ido. A al'adar kwangila akan riƙe kashi 5 cikin 100 har wata 6 bayan gamawa, domin in wani aibi ya fito a gyara. Ga aikin rufi, ya kyautu wa'adin ya haɗa da damina. Duk wani ƙari ko sauyi da ya taso a tsakiyar aiki, a yi cinikinsa a rubuta kafin a yi shi. Kalmar "ai ba komai, yi kawai" ita ke zama komai ranar biya.

Maigida ma yana da nasa nauyi. In ma'aikaci ya cika aikinsa, a biya shi a kan kari. Jan rai da ladan lebura zalunci ne, kuma shi ke koya wa masu aiki ha'inci.

INGANCIN KAYA DA AIKI

Buhun siminti kilo 50 ne, kuma a jikinsa akwai lambar ƙarfinsa, kamar 32.5 ko 42.5, da tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kaya, watau SON. A guji buhun da aka farke aka sake ɗinkewa, ko wanda ya dunƙule. Bulon da ke marmashewa in an murza shi da yatsa yashi ne kawai aka yi wa wanka da siminti. Rodi a auna kaurinsa, domin akan sayar da siriri da sunan mai milimita 12 ko 16. Yashi ya zama mai tsabta, ba laka.

Kwaɓin kankare da aka saba da shi a ƙananan gine-gine shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, sai fa in injiniya ya faɗi wani. Kankare ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so. A riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, balle a lokacin hunturu da bazara da iska ke shanye danshi. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Kada a cire katakon da ke tallafe da rufin kankare don gaggawar mayar wa mai haya, sai injiniya ya ba da izini.

A yi hattara da tsohon rufi ko silin na asbesto. Ƙurarsa na jawo mugun ciwon huhu bayan shekaru. A jiƙa shi, a cire shi ɗungurungum ba tare da fasawa ba, ma'aikata su rufe hanci, a nisanta yara.

HAƘƘIN MAƘWABCI DA MA'AIKACI

Tun kafin dokokin zamani, littattafan Malikiyya irin su Risala, da ake karantawa a zaurukanmu, sun hana cutar da maƙwabci ta hanyar gini, kamar buɗe tagar da ke leƙa cikin gidansa, ko haƙa abin da zai cuce shi. Wanda zai ɗora bene a cikin unguwa ya tsara tagoginsa da matakalarsa yadda ba za su tona asirin iyalin wani ba. Kada a juya indararo zuwa bangon maƙwabci. Kada a rushe katangar tarayya sai da yardarsa. Kada a haƙa masai ko ramin ƙazanta kusa da rijiya, taka ko tasa. Masana lafiya sun ba da shawarar a bar tazarar mita 30, domin ta nan kwalara da taifod ke shiga ruwan sha. Kada a zube yashi da tsakuwa a toshe lungu ko magudana. Sallama ɗaya ga maƙwabci da mai unguwa kafin a fara aiki takan hana ƙara goma.

Ma'aikaci kuma amana ne. A kafa tsani da dandamali masu ƙarfi, a kashe wuta kafin a taɓa waya, a killace rami, kada a sa ƙananan yara ɗaukar kankare zuwa bene. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF, saboda haka a tambayi kamfanin da aka ba kwangila shaidarsa. Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta inshora ga ginin da ya wuce hawa biyu yayin da ake yinsa, da kuma gine-ginen da jama'a ke shiga. A 2025 sabuwar doka ta maye gurbinta, kuma inshorar gini na nan cikin wajibai. Mai babban aiki ya nemi bayani. A sani kuma, in bango ya faɗa wa mai wucewa saboda sakaci, mai gida da ɗan kwangila za su iya fuskantar biyan diyya, har da tuhumar laifi.

KAMMALAWA

Jama'a, abin da muke roƙo a tafi da shi gida ga shi a taƙaice:

1. A tabbatar da mallaka da yardar magada kafin a fara.
2. A nemi izinin hukuma ga duk gyaran da ya taɓa ƙashin gini ko ya sauya amfaninsa.
3. Kada a ɗora bene ko a cire bango sai injiniya mai rajista ya duba.
4. A yi ƙiyasi a rubuce, a ware kuɗin ko-ta-kwana.
5. A rubuta yarjejeniya, a biya mataki-mataki, a adana rasit.
6. A kiyaye hanya, da layin wuta, da hanyar ruwa, da haƙƙin maƙwabci.

Muna roƙon iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa ido, domin su ne ke fara ganin yashi a ƙofar gida kafin ma'aikacin hukuma ya ji labari. Muna roƙon limamai su tunatar a masallatai, shugabannin majami'u su tunatar a nasu wurare. Muna roƙon ƙungiyoyin magina da kafintoci su tsawata wa masu ha'inci a cikinsu, su kuma yi ƙarfin halin gaya wa maigida gaskiya in ya nemi a yi abin da zai kashe mutane. Ma'aikatan hukuma kuma su sauƙaƙa wa talaka, su bayyana kuɗin izini a fili, kada jinkirinsu ya tura jama'a bin bayan fage.

Gida shi ne rufin asirin mutum, kuma shi ne abin da yawancinmu za mu bar wa 'ya'ya. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya zaunar da Kontagora da Jihar Neja da Nijeriya lafiya, Ya sa mu gama da duniya lafiya.